Wace gidauniya ce aikinta ya tsaya bayan ta tafi?

Dan_Ader: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni kuma don Allah a amsa da hujja ba da zagi ba. Tun muna yara muke ganin gidauniyoyi da ONG suna shigowa Ader da motocinsu kat-kat, a kafa allo bakin hanya, a tara maigari da mata a yi hoto, bayan shekara uku ko biyar a ce furoje ya ƙare. Ka bi hanyar Tawa zuwa Keita ko zuwa Illela ka ƙirga allunan da suka yi tsatsa. Ni ra'ayina talakan ƙauye yana nan inda aka same shi. Wanda ya san gidauniya ɗaya tak da aikinta ke tsaye shekara ashirin bayan ta tafi ya faɗa mana sunanta da abin da ta bari.

Mushe_Sani: Wa alaikumus salam. Tambaya mai kyau, ina nan ina saurare.

Majo_Tawa: Dan_Ader ƙanena, yaushe rabonka da ganin mai kurkunu? Amsarka ke nan. Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa suka kafa a 1982, ta kama yaƙi da kurkunu a 1986, lokacin ana ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. A 2023 mutum 14 aka samu a duniya baki ɗaya. Nan Nijar binciken farko da aka yi a 1991 ya gano sama da mutum 30,000, Damagaram da Tillaberi suka fi shan wuya. Na ƙarshe an gan shi a 2008, kuma hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba Nijar takardar shaidar rabuwa da kurkunu a 2013 tare da Najeriya da Kodebuwa. Abin da ya kamata ka lura da shi, ciwon nan ba shi da allura ba shi da ƙwaya har yau. Da ƙyallen tace ruwa aka kashe shi, da maganin Abate da ake zubawa a tabki, da mutum ɗaya a kowane ƙauye da aka koya wa ya hana mai ciwo tsoma ƙafa cikin ruwan sha ya kuma kai rahoto kowane wata.

Hajiya_Rabi: Allah ya saka Majo. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba wallahi. Innata ta yi shi a ƙafa biyu lokaci guda, kuma da damina yake fitowa daidai lokacin noma, ga gero na son noman fari ga mutum kwance. Ana naɗe tsutsar a ɗan tsinke kullum a ja kaɗan, in aka yi gaggawa ta tsinke sai ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Wata biyu tana rarrafe zuwa bayan ɗaki. Mu 'yan mata muka riƙe gida muka bar lakwal wannan shekara. Wanda bai ga wannan ba zai iya cewa ba a yi komi ba.

Dan_Ader: Hajiya Allah ya jiƙan Inna in ta riga mu, in tana raye ya ƙara lafiya. Majo na ji hujjarka. Amma ina tambaya, Carter ne ya yi ko ma'aikatan lafiyarmu da mutanen ƙauye? Don kullum sunan bature ake ji, wanda ya taka da ƙafa cikin rana ba a ko ambatonsa.

Majo_Tawa: Duka biyu. Wanda ya zaga ƙauyuka bisa jaki da keke ɗan ƙasa ne, ba na musu. Amma kafin 1986 ma muna da 'yan ƙasa kuma kurkunu na nan tun kakanni. Abin da cibiyar ta kawo shi ne nacewa kan abu ɗaya kusan shekara arba'in ba tare da ta ce furoje ya ƙare ba, ta nemo ƙyallen da magani kyauta wajen kamfanoni, ta sa manya kamar Janar Amadu Tumani Ture na Mali da Janar Yakubu Gowon su riƙa zagawa suna matsa wa gwamnatoci. Tsoho Carter ya rasu ƙarshen Disamba 2024 yana da shekara 100, burinsa ya ga ƙarshen tsutsar bai cika ba don har yanzu tana ɓulla a Cadi da Mali da Sudan ta Kudu da Habasha da Angola, a Cadi ma har karnuka take kamawa.

Agali_Abalak: Mu makiyaya ɗan bututu aka raba mana mai matata a baki, ka rataya a wuya, duk tabkin da ka isa ka zuƙa da shi. Babana yana da nashi har ya tsufa bai yar ba.

Yar_Keita: Ni hwa mamaki nike, ana zancen aiki mai daɗewa kuma Dan_Ader har ya ambaci hanyar Keita amma ya manta da furojen Keita. Iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu bisa kai suka yi gandari, suka haƙa ramu bisa tsauni, ana ba su abinci madadin kuɗɗi. Wuraren da suka zama fako yau akwai itace, ga baraj-baraj da ake noman rani gefensu. Ku zo ku gani da idonku.

Mushe_Sani: Yar_Keita gaskiya ne amma gyara kaɗan, furojen Keita ba na gidauniya ba ne. Gwamnatin Italiya ta ba da kuɗi, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO ta gudanar, ta abinci PAM ta ba da abincin, an fara a 1984 bayan babban fari. Kenan kuɗin gwamnati ne na wata ƙasa. Dan_Ader gidauniya ya tambaya.

Yar_Keita: Mushe wanda ke cikin ƙauye bai rarrabe wanga da wancan, duk furoje ne gare shi. Abin da ya sani ko ruwa ya tsaya a gonarshi ko bai tsaya ba.

Injiniya_Ruwa: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, don a nan ne maganar Dan_Ader ta fi ƙarfi. Rijiyoyi da foraj su ne aikin da masu taimako suka fi so saboda ana ganinsu a hoto kuma akwai lada, amma su ne suka fi mutuwa. Dalili ba boyayye ba ne. Famfon taka-taka na Vergnet ko na hannu India Mark II akwai ƙananan kaya a ciki da ke cinyewa kamar roba da fata, ba su da tsada sosai amma in babu kanti a Tawa ko Ƙonni mai sayar da su, kuma babu makaniken da aka koya wa a kusa, to ranar da ya tsaya ya tsaya. Ga shi Ader ruwanmu na ƙasa da nisa, wani wurin sai an yi ɗaruruwan mita, sai da inji ko sola da shato, gyaransa ya fi ƙarfin aljihun ƙauye. Ana kafa komite a ce kowane bido a biya dala biyar ko goma, shekarar farko lafiya, daga nan ma'aji ya ranta wa wani don suna ko biki, ran da famfo ya lalace akwati ba kowa. Mai ba da taimako ya biya haƙa, bai biya shekara goma na gyara ba, kuma ba wanda ya zauna ya tambayi wa zai biya.

Sahabi_Buza: Wallahi kamar garinmu kake bayani. Wata ƙungiya ta yi mana foraj da sola, mata suka huta da tafiyar asuba, aka yi murna har da yanka. Famfon cikin rami ya ƙone, aka kira lambar da ke jikin allo ba ta shiga, aka je meri suka ce ba su da labarin aikin tun farko don ba a bi ta wajensu ba. Yanzu shato na tsaye mata sun koma gulbi da jakai.

Dan_Ader: To kun ji. Irin wannan nake nufi, kuma shi ya fi yawa.

Maman_Halima: Ku maza kullum siminti da ƙarfe kuke dubawa shi ya sa ba ku ganin namu. Asusun Mata Masu Dubara (MMD) fa? Ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, ba su ba mu ko dala ba, akwati da kwaɗo uku kawai da koyarwa, mabuɗi uku hannun mata uku daban. Kowane mako kowa ta zuba abin da aka yarda, mu dala ashirin muka fara, a ranta wa mai buƙata ta yi sana'a ta mayar, kafin damina ko kafin salla a fasa a raba. Ni a asusun na sayi tunkiya ta farko, yau ina sarin albasa. Wadda ta koya mana ta daina zuwa tun tuni, ƙungiyarmu ba ta fasa zama ba, 'yata ma ta buɗe tasu a Yamai unguwar Bukoki. Kuma Dan_Ader tunda ka ce a kawo hujja, wannan tsarin daga Nijar ya fita, yanzu ana yinsa a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, miliyoyin mata. Daga wajenmu aka koya.

Hajiya_Rabi: Maman Halima kin gama magana 'yar uwa. Har kansila mata da yawa daga MMD suka fito, nan suka koyi tsayuwa gaban jama'a.

Dan_Ader: Inna ai adashi mun san shi tun kafin CARE.

Maman_Halima: Ɗana adashi daban. Adashi kina jiran zagayenki ko da ɗanki na kwance likita. Wannan akwai rance ranar da buƙata ta taso, akwai ɗan asusun jaje daban, kuma kuɗin na haihuwa. Sun tarar da abin da muka iya suka ɗora a kai shi ya sa bai mutu ba.

Malam_Illela: Jama'a kada mu yi magana kamar abin nan daga Turai ya faro. Musulunci ya zo da waƙafi. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, har yau ana ambaton waƙafinsa. Hikimar waƙafi ita ce ainihin amsar matsalar da Injiniya ya kawo, ba ka gina abu ka tafi, sai ka haɗa shi da gona ko shago ko gidan haya da zai riƙa ciyar da shi. Attajiranmu na Tawa da Yamai suna kyauta sosai da azumi, buhu-buhu na shinkafa da sukari, Allah ya karɓa. Amma da za a tsaida shago biyu a kasuwa a ce hayarsu ta gyaran foraj ɗin Sahabi ce har abada, da ya fi. Dakta Abdurrahman as-Sumait na Kuwait wanda ya kafa ƙungiyar agajin Musulmin Afirka AMA ya yi shekaru yana yawo Afirka da rijiyoyi da makarantu da gidajen marayu, ya rasu a 2013 kuma ƙungiyar ba ta rasu da shi ba. Abin da nake so mu koya ke nan.

Mushe_Sani: Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ne. Yawancin namu na gida suna rataye da mutum ɗaya, in ya sauka daga kujera ko ya rasu sai a daina jin ɗuriyarsu.

Gaskiya_Daci: Ni dai ban yarda da waɗannan masu kuɗin duniya ba, musamman Bill Gates. Mutum bai san ka ba bai san garinku ba ya ce yana son lafiyar ɗanka, me yake nema? Kuma ku tuna abin da ya faru Kano a 1996 da gwajin maganin sanƙarau kan yara. Ba banza mutane ke tsoro ba.

Majo_Tawa: Gaskiya_Daci abin Kano ya faru, kamfanin magani ne ya yi gwajin, an je kotu an biya diyya, kuma tsoron da ya bari ya cutar da mu shekaru. Ba zan ce maka ka manta ba. Amma tunda ka kawo sanƙarau bari in gaya maka abin da na gani da idona. Da can in zafi ya shigo daga Fabrairu zuwa Afrilu muna shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itace don gadaje sun cika, wanda ya tashi wani ya kurmance. Nau'in A shi ke mana wannan ɓarna. Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin da aka ƙera allurar MenAfriVac a Indiya da arha, ƙasa da rabin dalar Amurka, aka fara yi a Burkina da Mali da Nijar a ƙarshen 2010 ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Daga nan nau'in A ya kusan ɓacewa a yankin Sahel gaba ɗaya.

Dije_Yamai: Majo to na 2015 fa? Ina Yamai lokacin, har rufe makarantu aka yi, mutane na layi a farmasi suna neman allura da tsada, ƙanwar maƙwabciyata ta rasu.

Majo_Tawa: Allah ya jiƙanta. Wancan nau'in C ne, allurar 2010 ba ta rufe shi ba, kuma sama da mutum 500 suka rasu a ƙasar. Shi ya sa nake cewa kowane aiki a auna shi da abin da ya ce zai yi. An kashe A, C ya taso, sai an sake wani aikin.

Gaskiya_Daci: Na ji amma har yanzu tambayata na nan. Wa ya zaɓi abin da za a yi? Mutum ɗaya a Amurka yana da kuɗin da ya fi kasafin lafiyar ƙasarmu, in ya ce shan inna yau kowa shan inna, alhali uwa na zuwa gidan likita na CSI ba ko parasetamol. An bi gida-gida da ɗigon foliyo sau nawa, amma zazzaɓin damina na kwashe yara?

Injiniya_Ruwa: Wannan tambayar tana da nauyi, kada a share ta. Shan inna dai an ce Afirka ta rabu da nau'in daji a Agusta 2020, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san guragu nawa ke bakin masallatai. Amma maganar wa ke zaɓa tana nan.

Dije_Yamai: Kuma ga abin da ya faru farkon 2025 da Amurka ta dakatar da hukumarta ta agaji USAID, ƙawayena da yawa masu aiki a ONG aka sallame su cikin mako biyu, wuraren auna yara masu tamowa wasu suka rage aiki. Shi ma Gates ya sanar a Mayu 2025 cewa gidauniyarsa za ta rufe a ƙarshen 2045 bayan ta kashe dukiyar. Shekara ashirin kamar gobe ne. Wa zai sayi allurar bayan nan?

Dan_Abijan: Salam daga Kodebuwa. Na karanta duka. Ni abin da ke damuna ba a taɓa lissafa mu 'yan cirani cikin masu taimako. Mu 'yan garinmu da ke Abijan da Kwatano da Libiya kowane wata muna zuba jika-jika, mun gina aji biyu, mun yi katangar maƙabarta, mun sayi moto mai ƙafa uku na kai mai naƙuda likita. Ba allo ba hoto. Kuma in abu ya lalace a waya ake gaya mana mu aiko, don uwayenmu ne ke ciki ba za mu ce furoje ya ƙare ba. Ader da kuɗin cirani take tsaye kowa ya sani.

Sahabi_Buza: Wannan haka yake yaya. Amma jika-jika ba ta ƙera allurar sanƙarau, kowa da inda hannunsa ke kaiwa.

Yar_Keita: Sahabi kai ɗan Buza ne ka yi shiru bisa itatuwan Majiya? Layukan bedi da CARE ta fara dasawa da ma'aikatan gandun daji a 1975 don tare iska, har yau suna nan cikin fadama, ana sassabe reshe ana saidawa.

Sahabi_Buza: Suna nan, amma wasu wuraren an sare ba a maye ba, gaskiya a faɗe ta. Wanda ya fi burge ni shi ne na barin kututture ya tofo a gona, wanda aka fara wajen Maraɗi a 1983 da wani mutumin Ostareliya Tony Rinaudo na mishan SIM. Ba a dasa ba a ban ruwa, ka zaɓi reshe mai ƙarfi ka sassabe saura. Ana cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta haka. Manomi ya ga gawo na gyara masa gona ya ci gaba da kansa, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

Malam_Illela: Haka tassa ta yaɗu wajenmu. An kai manoma Yatenga ta Burkina suka ga ramukan da ake zuba taki, suka dawo suka gwada bisa fako, har mutane suka koma sayen fako da a da ba mai so.

Dan_Ader: Na karanta kowa. Kurkunu da asusun mata ban da ta cewa. Amma ku duba abin da kuka lissafo, duk wanda ya tsaya ko dai ciwo ne da aka kashe gaba ɗaya ko dabara ce da ba ta buƙatar kuɗin waje. Duk abin da ke son gyara ko albashi ko mai, da an tafi ya kwanta. Kuma har yanzu samarinmu na cika motocin Agadas da Kwatano bayan girbi. In an canza rayuwa mi ya sa gari ke zama sai tsofaffi da mata rabin shekara?

Hajiya_Rabi: Ɗana cirani daban, mutuwar yara daban. Mu da muka haihu muka binne mun san bambancin da da yanzu. Ba sai gidauniya ta hana cirani ba kafin a ce ta yi aiki.

Mushe_Sani: Kuma a nan gwamnati na da nata kaso, kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa da aka fara a 2006 da ƙananan gidajen likita na ƙauye sun taimaka ƙwarai, ko da biyan kuɗin na jinkiri. Ba komi ne na 'yan waje ba, ba komi ne kuma laifinsu ba.

Majo_Tawa: Ƙari ɗaya, a Janairu 2025 OMS ta ce Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Feshi aka yi shekaru, da ƙwayar Mectizan da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987. Dan_Ader ka ƙara a lissafinka.

Gaskiya_Daci: Ni har yanzu ina kan bakana, sai ranar da kuɗin allurar 'ya'yanmu ya fito daga baitulmalinmu zan ce an yi aiki mai daɗewa.

Dije_Yamai: Maman Halima don Allah 'yarki ta Bukoki, mata nawa ake buƙata a fara? Mu nan Talaje muna so mu kafa.

Maman_Halima: Ashirin zuwa talatin ya isa, in sun fi haka ku raba biyu don lissafi na rikicewa. Ku zaɓi ma'ajiya wadda ba ta riƙe mabuɗi, kuma kada a buɗe akwati sai kowa na zaune. Ki yi mini magana ta gefe in haɗa ku.

Injiniya_Ruwa: Sahabi ka ɗauko mini hoton rubutun da ke jikin akwatin sola da zurfin ramin in an rubuta a allo. In famfon ne kaɗai ya ƙone akwai irinsa a Yamai, sai ku san kuɗin kafin ku kai maganar gaban 'yan garinku na waje.